Wa yake tuɓe wa ƙwayar bairos rigarta idan ta shiga jiki?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibar koyon aikin jinya ce a nan Kano, gidanmu yana Ɗorayi. A darasin ƙwayoyin cuta an ce mana bairos ba ta ci, ba ta numfashi, ba ta motsi da kanta, saƙon gado ne kawai a ƙunshe cikin rigar furotin. Aka kuma ce idan ta shiga sel, wato ƙwayar halittar da aka gina jiki da ita, sai ta tuɓe rigar. Abin da ya ɗaure min kai shi ne, ƙwayar shan-inna tana yin makonni a ruwan kwata, ta bi ta cikin asid ɗin tumbin yaro, rigar ba ta ko yage ba. To abin da ba shi da hannu, wa yake tuɓe masa? Kuma idan sai ta tuɓe take cutarwa, me ya hana a yi maganin da zai hana ta tuɓewa kowa ya huta?"

Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya ba da sa'ar karatu. Tambaya biyu kika haɗa. Ta farko, yaya riga ɗaya za ta gagari kwata da asid, amma ta warware cikin 'yan mintuna a cikin sel? Ta biyu, ina maganin? Amsar ta farko a taƙaice: sel ɗin da ta kama shi ne yake tuɓe mata, da kayan aikinsa, bai san yana yi ba. Ita rigar tun ranar da aka haɗa ta a shirye take ta buɗe, jiran alama kawai take yi.

Bari mu fara da dalilin tuɓewar. Abin da bairos ta zo da shi saƙo ne, DNA ko RNA, mai ɗauke da umarnin yadda za a ƙera wasu irinta. Injinan da za su karanta umarnin na sel ne. Muddin saƙon yana kulle a cikin riga, babu mai karanta shi. Amma kuma saƙon, musamman RNA, ba shi da ƙwari: akwai enzayim, wato furotin masu aikin yanka da sarrafa sinadarai, da suke sare shi a gumi, a yawu, a fatar hannunki. Kuma sel yana da masu gadi a ciki waɗanda suke gane baƙon saƙo su tayar da garkuwar jiki. Saboda haka idan ta tuɓe da wuri ta halaka, idan ta ƙi tuɓewa tafiyar ta zama ta banza. Duk ilimin nan a kan lokaci da wuri yake.

Bairos iri biyu ne ta fuskar sutura. Wasu rigar furotin ce kawai a jikinsu, kamar shan-inna da rota mai sa yara gudawa da adeno. Wasu kuma a saman rigar akwai mayafin maiƙo da suka yago daga fatar sel ɗin da suka fito, kamar ta mura mai tsanani, ƙyanda, Lassa, korona da HIV. Ki riƙe wannan bambanci, za mu buƙace shi.

Tarkon da aka ɗana

Kin san tarkon ɓera na ƙarfe. Idan aka ɗana shi aka ajiye, zai iya wata guda a haka, ko an ɗaga shi an canza masa wuri ba zai tashi ba. Ƙarfin da zai buga da shi yana jikinsa tun lokacin da aka lanƙwasa ƙarfen. Abin da ya rage a taɓa wurin da ya dace. Rigar bairos haka take, kuma ana ɗana ta ne a sel ɗin da aka ƙera ta, galibi ta hanyar yanka wani furotin gida biyu. A shan-inna, wani furotin mai suna VP0 ake rabawa ya zama VP2 da VP4. A ƙwayar mura mai tsanani, ƙusar da ke jikin mayafinta, wadda ake kira HA, sai wani enzayim na hanyar numfashi ya tsaga ta. Ƙwayar da ba a yi mata wannan yankan ba, siffarta cikakkiya ce, amma ba ta iya kama kowa.

Shan-inna, tunda da ita kika fara

Faɗinta nanomita 30 ne, wato sai kin jera fiye da dubu 33 kafin su cika milimita ɗaya. Rigar an gina ta da furotin huɗu, VP1 zuwa VP4, kowanne kwafi 60. Uku na farko su ne bangon waje, VP4 ƙarami ne yana liƙe daga ciki. James Hogle da abokan aikinsa a Amurka suka fitar da cikakkiyar siffarta a 1985, shekarar da Michael Rossmann ya fitar da ta 'yar'uwarta mai kawo mura ta yau da kullum.

Abu biyu aka gani a jikin rigar da suka amsa tambayarki. Akwai wani kwazazzabo da ya zagaye kowane tsauni na rigar. A ƙarƙashin kwazazzabon kuma, cikin VP1, akwai ɗan aljihu, kuma a cikin aljihun akwai ɗan guntun maiƙo da ƙwayar ta ɗauko daga sel. Wannan ɗan maiƙon shi ne sakata. Yana nan, rigar ba ta iya sassautawa, ko da a cikin asid ɗin tumbi ne.

A fatar wasu sel na maƙogwaro da hanji da jijiyoyin laka akwai wani furotin mai tsini da ake kira CD155. Ba don shan-inna aka halitta shi ba, aikinsa na jiki daban ne. Amma kansa ya yi daidai da kwazazzabon nan. Yana shiga sai ya danne rufin aljihun, maiƙon ya fice. Da zafin jiki na digiri 37 sai rigar ta ɗan kumbura, ƙananan ƙofofi su buɗe, VP4 ya zubo waje, wutsiyar VP1 da take ɓoye a ciki ita ma ta leƙo. A wannan lokacin sel ya riga ya haɗiye ƙwayar cikin wata 'yar jaka. Sai VP4 da wutsiyar VP1 su nutse cikin fatar jakar su huda rami, RNA mai haruffa wajen 7,500 ya zare ta nan ya faɗa ruwan sel. Rigar ba ta farfashewa, ana barin ta a jakar fanko.

To kin ga me ya sa kwata ba ta tuɓe ta: babu CD155 a kwata. Shi ya sa ma ake iya ɗebo ruwan magudanun birnin nan, kamar yadda aka fara a Kano a 2011, a kai ɗakin gwaji a ga ko ƙwayar tana yawo a gari ko da ba a ga yaro ya shanye ba. Kuma shi ya sa ɓera ba ya kamuwa da shan-inna: nasa furotin ɗin bai dace da kwazazzabon ba. Da masu bincike suka dasa wa ɓeraye CD155 na mutum a 1990, sai ga su suna shanyewa.

Wani abin lura, ƙwayar mura ta yau da kullum danginta ce ta kusa, ginin rigarsu kusan ɗaya. Amma ita asid yana buɗe ta. Don haka idan aka haɗiye ta da majina, tana isa tumbi sai tarkonta ya tashi a inda babu abin kamawa. Ɗan bambancin nan shi ya tsayar da ɗaya a hanci, ya bar ɗayar ta wuce hanji.

Waɗanda asid ke buɗewa

Sel yana da al'ada: duk abin da ya haɗiya cikin jaka, sai ya riƙa tura asid a jakar yayin da take nutsawa ciki, don ya narkar da abin. A waje ma'aunin asid, wato pH, wanda lambarsa ke sauka idan asid ya ƙaru, yana wajen 7.4, a jakar farko ya sauko kusan 6, a ta gaba ya kai wajen 5. Bairos da yawa da wannan saukar suke gane sun iso.

Ƙwayar mura mai tsanani, dangin murar tsuntsayen da ta shiga gonakin kaji a Kaduna da Kano a 2006, ita ce aka fi sani a nan. Asid yana yi mata aiki biyu a lokaci guda. Daga waje, ƙusar HA tana miƙewa ta soki fatar jakar, sannan ta lanƙwashe ta jawo fatar da mayafin ƙwayar su haɗe su zama ɗaya, ƙofa ta buɗe. Daga ciki kuma, akwai wani ɗan bututu a mayafin mai suna M2 wanda yake barin asid ya shiga cikin ƙwayar kanta. Asid ɗin ne yake kwance wani shimfiɗaɗɗen furotin, M1, da ya riƙe guntayen RNA guda 8. In ba don M2 ba, ƙofa za ta buɗe amma saƙon ya fito a ɗaure, ya kasa shiga cibiyar sel, wato ɗakin da sel yake ajiye nasa DNA.

Ƙwayar Lassa ta ƙara wani salo: a waje tana kama furotin ɗaya, idan asid ya taɓa ta a jaka sai ta sake shi ta kama wani daban, LAMP1, sannan ta buɗe. Ƙyanda da HIV ba sa jiran asid, makamar da suka riƙa a fatar sel ita ce alamarsu. Korona tana da ƙofa biyu, kuma zan dawo kanta, domin a nan aka yi babban kuskure a 2020.

Adeno, wadda aka yi amfani da irinta wajen haɗa allurar korona ta AstraZeneca da ta Johnson & Johnson, sannu a hankali ake kwance ta. Tsinkayenta suna karyewa tun a bakin ƙofa, wani furotin ya fito daga ciki ya fasa jakar, sauran rigar ta hau motocin da sel yake jigilar kayansa da su har bakin cibiya. A can wasu injinan sel su ja ta ta wannan gefe, ƙofar cibiya ta riƙe ta ta wancan, ta yage, DNA ya shige. Ita kuwa rota ba ta taɓa yin tsirara. Riga uku gare ta, ta waje kawai take cirewa idan sinadarin kalsiyam ya yi ƙasa a jakar. Saƙonta, guntu 11, yana zaune a cikin sauran biyun, tana kwafa tana turo kwafin ta ƙananan ramuka, masu gadin sel ba su taɓa ganin na asalin ba.

Abin da littafinki zai iya faɗa ba daidai ba

Duba shekarar da aka buga littafin da kuke karantawa. Idan ya girmi 2020, akwai yiwuwar ya ce HIV tana tuɓe rigarta da zarar ta shiga ruwan sel. Haka aka koya mana, haka muka koyar shekara da shekaru. Hujjar kuwa mai ƙarfi ce a lokacin: rigar HIV mai siffar mazurari ce, an gina ta da wajen kwafi 1,500 na furotin ɗaya, p24 ɗin da ake nema a wasu gwaje-gwajen jini. Faɗinta ta wajen kai ya kai nanomita 60, ƙofar cibiyar sel kuma an auna ta wajen 40. Yaya babba zai wuce ta ƙaramar ƙofa?

Ashe ƙofar da aka auna an ciro ta ne daga sel, ta tsuke. A 2020 da 2021, masu bincike a Amurka da Jamus suka nuna a cikin sel mai rai ƙofar ta fi haka faɗi, har aka ɗauki hoton rigar HIV cikakkiya tana ratsawa. Yanzu abin da aka fi rinjaya a kai shi ne rigar tana raka saƙon har cikin cibiya. A cikinta ake juya RNA ya zama DNA, a ɓoye. DNA mai igiya biyu ya fi RNA tauri, ba ya naɗuwa da sauƙi, sai ya cika rigar ya tsage ta daga ciki, dab da inda zai manne a jikin gadon mutum. Har yanzu masana suna jayayya a kan ko rigar tana fara tsagewa tun a hanya, da kuma wane furotin na sel ne yake taimakawa a ƙarshe. A jarrabawa ki rubuta abin da malaminki ya koyar, amma ki san inda magana ta kwana.

Hujjar cewa lokaci ne komai tana jikin biri. Wani nau'in birin Asiya ba ya kamuwa da HIV-1, kuma a 2004 aka gano dalili: yana da furotin mai suna TRIM5 wanda yake rufar wa rigar ya farfasa ta tun a ruwan sel, kafin saƙon ya shirya. Mu ma muna da shi, namu ne bai iya kama rigar HIV da kyau ba.

Abin da hannuna ya taɓa

Duk siffofin nan da na zayyana, aikin manyan na'urorin hangen ƙwayoyi ne masu daskarar da samfuri, waɗanda babu irinsu a ɗakin gwajinmu. Karanta su na yi, kamar yadda za ki karanta. Abin da nake iya nuna wa ɗalibaina da ido shi ne sawun tuɓewar, kuma da kaya masu araha.

Mukan ɗebo ruwan kwata mu tace shi da matata mai hana bakteriya wucewa. Abin da ya wuce akwai bairos masu cin bakteriya a ciki, ba sa kama mutum. Mu zuba a faranti da aka shuka bakteriyar E. coli, washegari ka ga farantin ya yi fari-fari kamar hazo, da 'yan ramuka garau a warwatse. Kowane rami bairos ɗaya ce ta fara shi. Daga nan sai mu haɗa bairos da bakteriya a kwalba, muna ɗiba lokaci bayan lokaci muna fasa bakteriyar da kulorofom, mu zuba a sabon faranti mu ƙirga ramuka. Ɗiban farko-farko, farantin kusan babu rami. Ɗalibai sukan ce aikin ya lalace, a sake. Sai na ce su jira faranti na gaba. Can sai ramuka su dawo, su ninka abin da aka zuba tun farko. Wannan tazarar da bairos take ɓacewa ita ake kira lokacin husufi. Ba ta mutu ba, ta rabu da rigarta ne, kuma saƙo tsirara ba ya iya kama sabon sel. Irin waɗannan bairos ma ba sa shiga da rigar, a waje suke barin ta su tura DNA ciki, abin da Alfred Hershey da Martha Chase suka tabbatar a 1952.

To ina maganin?

An yi, 'yata, tun kafin a haife ki. Amantadine, wanda aka amince da shi a Amurka a 1966, toshe bututun M2 na ƙwayar mura mai tsanani yake yi. Ya yi aiki shekaru. Amma canjin harafi ɗaya a saƙon ƙwayar ya isa ya sauya bakin bututun yadda maganin ba zai zauna ba, kuma ƙwayar ba ta rasa komai da canjin. Zuwa 2006 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ce a daina ba da shi don mura. An kuma haɗa magunguna masu shiga aljihun nan na VP1 su zauna daram, su zama sakatar da ba ta fita. Pleconaril yana cikinsu, an yi shi don mura ta yau da kullum, amma aka ƙi amincewa da shi a 2002, saboda amfaninsa kaɗan ne kuma yana rage ƙarfin wasu magungunan, har da na tazarar haihuwa.

Wanda ya yi nasara sosai shi ne lenacapavir na HIV. Yana manne wa rigar ne a tsakanin tubalanta, ya sandarar da ita, ya kuma toshe wurin da furotin ɗin sel suke kamawa su ja ta cikin cibiya. An amince da shi don jinya a 2022, sannan don kariya a 2025, allura sau biyu a shekara. A ganina darasin da ke cikinsa shi ne ba dole sai an hana tuɓewa ba, ɓata mata lokaci ma ya wadatar.

Saura korona da kulorokwin. Kin tuna yadda aka yi ta rububinsa a kemis-kemis a 2020, har aka kwantar da mutane a Legas saboda sun sha ya wuce kima. Tunanin ba na jahilci ba ne: kulorokwin yana rage asid ɗin jakar nan, kuma a faranti ya hana korona shiga. Matsalar ita ce sel ɗin da aka yi gwajin da su na ƙodar biri ne, waɗanda korona ba ta da hanyar shigarsu sai ta jaka. Sel ɗin hanyar numfashin mutum suna da wani enzayim a fatarsu, TMPRSS2, wanda yake yanka ƙusar korona tun a bakin ƙofa, ta shige ba ta bi ta jaka ba. An tsare ƙofar baya, ɓarauniya ta shiga ta zaure. Babban gwajin da aka yi a asibitocin Birtaniya ya nuna a watan Yunin 2020 cewa ɗan'uwansa haidiroksikulorokwin bai rage mutuwa ba.

Akwai kuma matsalar da ta shafi duk wannan rukuni: maganin hana tuɓewa yana kare sel ɗin da ba a shiga ba ne kawai. Mai mura ba ya zuwa asibiti sai ƙwayar ta yi kwanaki tana hayayyafa. Kuma kowace bairos da irin sakatarta, babu magani ɗaya da zai rufe duka. Wane magani za a ba wane majiyyaci, wannan hurumin likitan da ya duba shi ne, ni ɗakin gwaji na sani.

Inda ilimin zai yi miki amfani a bakin aiki tun yanzu wuri biyu ne. Na farko, ɗigon rigakafin shan-inna. Ƙwaya ce mai rai da aka raunana, kuma dole ta isa hanjin yaro da tarkonta a ɗane. Zafi kaɗai yana iya tayar da shi, rigar ta kumbura ta zubar da RNA a cikin kwalba. Ruwan ba zai canza kala ba, ba zai yi wari ba, amma fanko za ki ɗiga wa yaro. Shi ya sa ake sa gishirin magnesiyam a ciki don ƙara wa rigar ƙwari, shi ya sa ake yawo da shi a akwatin ƙanƙara, kuma shi ya sa aka manna ɗan da'ira a jikin kwalbar da murabba'i mai haske a tsakiya. Idan murabba'in ya yi duhu ya kai kalar da'irar, kwalbar ta tashi daga aiki ko da kwanan watanta bai ƙare ba. A zafin Afrilu na Kano, ki riƙa duba shi kafin kowane gida, kuma kada ki bar murfin akwatin a buɗe kina gaisawa da matan gida.

Na biyu, wanke hannu. Man goge hannu mai sinadarin alkohol yana narkar da mayafin maiƙo, kuma mayafin yana tafiya ƙusoshin da ƙwayar take kama sel da su sun tafi. Don haka yana gamawa da korona, mura mai tsanani da Lassa. Amma shan-inna da danginta ba su da mayafin da za a narkar, alkohol ba ya yi musu abin kirki. Idan kin canza wa yaro mai gudawa kunzugu ko kin taɓa fo a ɗakin yara, sabulu da ruwa mai gudana za ki nema ki cuɗa sosai ki ɗauraye su, gado da ƙasa kuma a goge da ruwan bilic mai kulorin, wanda yake lalata furotin ɗin rigar da saƙon da ke cikinta gaba ɗaya.